Mota Mai Ƙarfin Doki Ɗari Biyar a Kan Titin Kakau: Ina Ribar?

Gabatarwa

Garin Kakau yana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a kudancin Kogin Kaduna, a bakin babban titin da ya haɗa Kaduna da Abuja. Duk motar da ta baro Kakuri, ta wuce Gonin Gora, ta nufi babban birnin tarayya, sai ta ratsa ta nan. Saboda haka babu irin motar da mutanen wurin ba su gani: tireloli da tankokin mai, bas-bas na haya, ƙananan motocin ma'aikata, da kuma jefi-jefi manyan motocin alfarma irin su Mercedes-AMG da BMW, waɗanda aka ƙera musamman domin gudu. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi ɗaukar hankalin samari, har yaro ya ƙudurta a ransa cewa ranar da ya sami abin hannu, irinsu zai saya.

Sha'awar abu mai kyau ba laifi ba ce. Amma ɗalibin kimiyya ba ya tsayawa ga sha'awa, sai ya auna. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, nagartar mota ba ta rataya ga yawan ƙarfin injinta ba. Ta rataya ne ga yadda ta dace da titin da za ta bi, da yanayin da za ta zauna a ciki, da man da za ta sha, da kuma hannun da zai gyara ta. Motar da aka tsara domin titunan Jamus da sanyin Turai, idan aka kawo ta Kaduna ba tare da an fahimci halinta ba, takan cinye dukiyar mai ita, wani lokaci ma har da ransa.

Mene Ne Ƙarfin Doki?

Ana auna ƙarfin inji da ma'aunin da ake kira ƙarfin doki, wanda ya samo asali daga James Watt, mutumin Sikotilan da ya inganta injin tururi a ƙarni na 18. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746. Ƙaramar motar gida takan mallaki ƙarfin doki 100 zuwa 150, alhali kuwa motocin gudu sukan kai 500, wasu ma su zarce.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce: nawa ne daga cikin wannan ƙarfi ake bukata? Motar da take tafiyar kilomita 100 a awa a kan miƙaƙƙen titi ba ta bukatar fiye da ƙarfin doki 20 zuwa 30 domin ta ture iskar da ke gabanta, ta kuma rinjayi gugar taya da kwalta. Dokar hanya ta Nijeriya kuwa ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanyoyi irin na Kaduna zuwa Abuja. Wato ke nan mai motar doki 500, muddin yana bin doka, bai fi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da ya saya yake amfani da shi ba. Sauran dawakin suna nan a turke, ba su aiki, amma kullum sai an ba su harawa.

A Jamus akwai dalilin ƙera irin waɗannan motoci, domin wasu sassan manyan titunan ƙasar ba su da iyakar gudu. A nan kuwa babu irin wannan titi ko guda.

Darasin da Kakuri Ta Bayar

Ba sai an je nesa ba wajen neman misalin motar da ta dace da muhallinta. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, ya kuma fara haɗa motoci a Kakuri a 1975. Shahararriyar motar da ta fito daga wannan masana'anta ita ce Peugeot 504, wadda Hausawa suke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta lashe kambin motar shekara ta Turai a 1969, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekarar 2000, da daɗewa bayan an daina yin ta a Faransa.

Injin da aka fi sanin ta da shi bai cika lita 2 ba, ƙarfinsa kuma bai kai doki 100 ba. Duk da haka, ita ce ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, gasar da ake yi a cikin ƙura da laka da duwatsu. Sirrinta a fili yake. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna da doguwar lanƙwasa da ke shanye ramuka, injinta kuma ba shi da sarƙaƙiya. Bugu da ƙari, kayan gyaranta sun wadata tun daga kasuwar Panteka har ƙananan garuruwa, bakanike kuma yana iya kwance kafiretarta a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar.

Akwai lissafi mai sauƙi da yake bayyana dalilin da ya sa rashin sarƙaƙiya yake kawo ƙarko. A ɗauka cewa inji yana da muhimman sassa 10, kowane ɗaya yana da damar kashi 99 cikin 100 ta kammala shekara bai lalace ba. Damar da dukkansu za su kammala shekarar lafiya ita ce 0.99 a ninka da kanta sau 10, wato kimanin kashi 90 cikin 100. Idan sassan suka zama 50, sai damar ta faɗo zuwa kimanin kashi 60. Motar gudu ta zamani cike take da na'urorin da ke auna zafi da iska da hayaƙi, da famfuna, da ƙananan kwamfutoci. Masu ƙera ta sukan rage wannan haɗari ta hanyar inganta kowane sashe, amma bisa sharaɗin cewa za a ba ta man da suka ambata, a kuma duba ta a lokacin da suka ƙayyade. Da zarar an karya sharaɗin, lissafin nan zai fara aiki.

Hunturun Turai da Hunturun Kaduna

Mafi yawan motocin alfarmar da ke yawo a ƙasar nan ba sababbi ba ne. Na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, da aka yi amfani da su shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada. Sukan iso da tabon hunturun can a jikinsu.

Abu na farko shi ne taya. A ƙasashen da dusar ƙanƙara take zuba, akan sa wa mota tayoyin hunturu, har ma Jamus ta wajabta su tun 2010 a duk lokacin da titi ya yi ƙanƙara. Ana haɗa robar waɗannan tayoyi ne yadda za ta kasance da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyos. A Kaduna kuwa, ko a tsakiyar ɗari da wuya a ga irin wannan sanyi, a watan Maris da Afrilu kuma zafin iska yakan haura digiri 35, na kwalta ma ya fi haka nesa. Tayar hunturu a kan irin wannan kwalta takan yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, ta tsawaita nisan da mota za ta yi kafin birki ya tsayar da ita, kuma idan aka haɗa mata gudu da nauyi da tsufa tana iya fashewa. Gane ta ba wuya: a gefenta akwai zanen dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Haka nan a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da aka yi ta da shekarar. Alal misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, amma har yanzu masu saye da yawa zanen taya kawai suke dubawa.

Abu na biyu shi ne gishiri. A waɗancan ƙasashe ana watsa gishiri a kan titi domin ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin yakan maƙale a ƙarƙashin mota ya ci ƙarfe, musamman bututun man birki da salansa. Mota takan yi sheƙi daga sama alhali tsatsa ta gama da cikinta, don haka wajibi ne mai saye ya sa a ɗaga ta ya duba.

Hunturun Kaduna kuwa da ƙura yake zuwa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan kwaso lallausar ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta baza ta a Afirka ta Yamma. Inji kuwa iska yake shaƙa fiye da yadda ake zato. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska, wato lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Motar da ta fi shan mai ita ce ta fi shaƙar ƙura. Idan matacin iska ya toshe, ƙarfin inji zai ragu. Idan kuma ya yage, ko aka yi ta busa shi da iskar mai faci har ya huje, ƙurar za ta shiga ta riƙa goge fistin da bangon silinda kamar yadda yashi yake goge tukunya. Abin ya fi muni ga injin da ke da turbo, wato farfelar da hayaƙi yake juyawa domin ta cusa ƙarin iska cikin inji, domin takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. A irin wannan juyi, ƙwayar ƙura ma makami ce. Lokacin sauya matacin da littafin mota ya ambata an tsara shi ne bisa iskar Turai. A nan dole a gajarta shi a lokacin hunturu.

Kura-kurai Uku na Gareji

Da yawa daga cikin lalacewar da ake ɗora wa waɗannan motoci, a gareji ake haddasa ta, bisa kyakkyawar niyya da ƙarancin sani.

Na farko shi ne cire tamostat. Wannan wani ɗan makulli ne da ke tsakanin inji da lagireto, wanda yake hana ruwa zagayawa har sai inji ya kai zafin aikinsa, wato wajen digiri 90. An yi imani a gareji da yawa cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, sai a cire a jefar da zarar mota ta iso. Wannan kuskure ne. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu. Kwamfutar mota kuma, muddin tana jin inji da sanyi, za ta ci gaba da ƙara masa fetur. Sakamakon haka shi ne ƙarin shan mai, da baƙin filogi, da saurin cinyewar inji. Idan mota tana zafi fiye da kima, a nemi dalilin a lagireto ko fanka ko famfon ruwa.

Na biyu shi ne baƙin mai. A jikin galan akan ga rubutu kamar 5W-30 ko 20W-50. Harafin W yana nuni ne ga hunturu, lambar da ke gabansa tana nuna yadda man yake gudana a cikin sanyi, ta bayansa kuma tana nuna kaurinsa idan inji ya yi zafi. Tsohuwar Fijo ta saba da mai kauri, shi ya sa har yau wasu suke ganin mai kauri shi ne mai kyau. Injin zamani kuwa hanyoyin mansa sirara ne ƙwarai, kuma da matsin man ne yake sarrafa lokacin buɗewar bawul. Idan aka ɗura masa man da ya fi ƙarfinsa kauri, man ba zai isa inda ake bukatarsa da wuri ba. Abin bi a nan shi ne littafin motar.

Na uku shi ne zuba ruwan rijiya a lagireto. Ruwan sanyaya inji na musamman ba don hana daskarewa kaɗai aka yi shi ba. Yana ɗaga matakin da ruwa yake tafasa, yana kuma hana tsatsa. Ruwan rijiya kuwa yakan bar ƙanzo a cikin siraran bututun lagireto har ya toshe su.

Lissafin Aljihu

Injin gudu yana matse cakuɗar fetur da iska sosai kafin ya kunna ta, don haka yana bukatar fetur mai jure matsi, wanda ake aunawa da lambar oktan. Yawancin irin waɗannan motoci suna neman oktan 95 zuwa 98, alhali fetur ɗin da aka saba sayarwa a gidajen man Nijeriya bai kai haka ba. Idan oktan ya gaza, man yakan fashe kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Kwamfutar mota takan ji wannan ta jinkirta tartsatsin filogi domin ta kare injin, amma da haka ƙarfin da aka sayi motar dominsa yake raguwa. Balle kuma a ce an sayi mai a hannun 'yan bumburutu. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022 ba, wanda ya lalata injinan motoci.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ga aikin da malami zai iya ba ɗalibansa a allo. A ɗauka ƙaramar mota tana shan lita 7 a kowace kilomita 100, motar gudu kuma tana shan 15, kowacce tana yin kilomita 15,000 a shekara. Ta farko za ta sha lita 1,050, ta biyu lita 2,250. Bambancin lita 1,200 ne. Idan aka ƙiyasta lita a naira 900, ya kama naira 1,080,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Ashe ke nan rarar man kaɗai ta fi abin da ƙaramin ma'aikaci yake samu a shekara guda.

Wannan ba a sa taya a ciki ba. Motar gudu takan zo da taya mai siririn gefe, kamar mai lamba 245/35, wadda tsayin gefenta kashi 35 cikin 100 ne na faɗinta, wato kimanin milimita 86. Tayar tsohuwar mota mai lamba 175/80 kuwa gefenta milimita 140 ne. Siririn gefe yana sa mota ta riƙe kwana da kyau a kan lafiyayyen titi, amma idan ta faɗa rami babu isasshiyar robar da za ta shanye dukan, sai taya ta kumbura ko ƙarfen ƙafa ya tsage. Kayan gyara kuma daga waje ake odarsu da kuɗin waje, mota na ajiye a gareji makonni tana jira.

Gudu da Rai

Hasarar da ta fi kowace girma ita ce wadda kuɗi ba ya mayarwa. Kuzarin motsi yana ƙaruwa ne da murabba'in gudu: idan gudu ya ninka biyu, kuzarin da birki zai kashe ya ninka huɗu. Direban da ke tafiyar kilomita 100 a awa yana cin mita 28 a daƙiƙa ɗayar da zai ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki, sannan motar ta ƙara wajen mita 55 a busasshen titi kafin ta tsaya, jimla mita 83. A gudun kilomita 140, jimlar ta kusa mita 150. To, me aka samu? A tafiyar kilomita 160, mai gudun 100 zai ɗauki minti 96, mai gudun 140 kuma minti 69. Minti 27 kacal.

A lokacin hunturu kuwa hazo yakan rage gani, hayaƙin ƙonar daji yakan rufe titi ba zato, kuma da dare fitilar mota ta ƙasa ba ta haska fiye da 'yan gomomin mitoci. A wuri irin Kakau, inda jama'a suke tsallaka titi zuwa kasuwa da makaranta da gona, babura suna shiga suna fita, duk direban da nisan tsayawarsa ya zarce nisan ganinsa, da ran mutane yake caca. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Abin da Masu Ja Za Su Ce

Mai ja zai ce motocin nan sun fi Fijo tsaro nesa ba kusa ba: suna da birkin da ba ya kulle taya, da jakar iska, da jikin da ke shanye karo, kuma ƙarfin inji yana taimakawa wajen wuce tirela cikin hanzari. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda yake kira a koma zamanin kafireta. Sai dai waɗannan kayan tsaro yanzu ana samun su a ƙananan motoci ma, ba sai an sayi doki 500 ba. Haka kuma ba su soke dokar kimiyya. Birki komai kyansa ba zai wuce riƙon da taya take yi wa kwalta ba. Gaskiya ne kuma cewa wanda yake da halin bin duk sharuɗɗan masu ƙera motar zai more ta. Matsalar ita ce da yawa suna da kuɗin saye, ba su da kuɗin riƙo.

Kammalawa

Daidai ruwa daidai tsaki. Mai neman mota ya fara da tambayoyi huɗu: wane titi za ta bi, wane mai za ta sha, wa zai gyara ta, kuma a ina kayanta suke? Malaman kimiyya kuma suna da ɗakin gwaji a ƙofar makaranta: tsohuwar taya guda ta isa a koyar da kaso da ma'auni, matacin iskar da aka cire a watan Janairu kuma ya isa a nuna abin da ke cikin iskar da huhun ɗan Adam ma yake shaƙa.

Ga ɗalibai kuwa, akwai aiki a gaba. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa da ake jona na'ura domin kwamfutar mota ta faɗi abin da ke damunta, kuma irin waɗannan motoci ne suka cika titunan ƙasar nan. Bakaniken da ba ya iya karanta wannan na'ura, lalube yake yi a cikin duhu. A 2022 kuma kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a sabuwar masana'anta a kan wannan hanya ta Kaduna zuwa Abuja. Yaron da motar gudu ta burge shi a bakin titin Kakau, gara ya mayar da sha'awarsa ga lissafi da fiziya da kimiyyar sinadarai, domin ƙasar nan ta fi bukatar wanda zai tsara motar da za ta jure ƙurar Janairu da zafin Afrilu a kan wanda zai sayo wadda aka yi domin ƙanƙara.